Ranar da Dodo Ya Daina Ba da Tsoro: Waiwaye a kan Fim ɗin Ƙarshe na George Romero

Duk wanda ya tashi a wannan yanki namu, daga Samarun Kataf zuwa Zonkwa, Kagoro har Kafanchan, ba ya bukatar Bature ya zo ya sanar da shi cewa matattu kan dawo. Tun kafin addinan nan biyu su kafu, Atyap, waɗanda Hausawa ke kira Kataf, da maƙwabtansu irin su Bajju, suna da abin da suke kira Abwoi, Hausawa kuwa suka laƙaba masa suna dodo. Kakanni ne ake cewa sukan ziyarci gari su yi magana da wata irin murya, su tsawata wa mai laifi, su raba gardama, mata da yaran da ba a shigar ba kuwa sai dai su ji daga nesa. C. K. Meek ya taɓo wannan al'ada a littafinsa na 1931 a kan al'ummun Arewa. A wajen Bahaushe ma akwai fatalwa, akwai kuma labarin wane da aka binne a nan amma aka gan shi yana ciniki a wata kasuwa mai nisa. Abin lura shi ne, duk waɗannan matattu namu suna da hankali, suna kuma da dalilin dawowa. Sun san wanda suke nema, sun san abin da ya yi musu.

Shi ya sa ranar da muka fara ganin gawawwakin George Romero, a wani gidan kallon bidiyo a Kafanchan, wajen tsakiyar shekarun 1990, muna samari, janareto na ruri a bayan ɗaki, tsoron da ya kama mu wani sabo ne. Ga matattu nan birjik, ba sa magana, ba su san kowa ba, ba su da ƙullin kowa a zuci, yunwa kawai ke jan su. Bayan shekara goma sha wani abu muka sayi fim ɗinsa na ƙarshe, Survival of the Dead, a irin faifan nan da ake cusa wa finafinai goma a haɗe, muka zauna da ɗoki, muka tashi jiki a sanyaye. Wannan maƙala tana ƙoƙarin bin sawun abin da ya auku ne tsakanin waɗannan zama biyu.

Kalmar zombi dai ba ta Romero ba ce, ba ma ta Amurka ba ce. Daga Haiti ta fito, kuma masana da yawa na danganta asalinta da harsunan yankin Kwango, inda aka kwashi bayi masu yawa. A can, zombi mutum ne da boka ya tayar daga kabari ya mayar da shi bawa, yana aiki a gonar rake ba lada, ba hutu, ba ko sanin kansa. Tsoron bawa ne ke nan tsantsa, watau a ce ko mutuwa ba za ta 'yanta shi ba. Amurka ta mamaye Haiti daga 1915 zuwa 1934, a cikin wannan zamani ne William Seabrook ya wallafa The Magic Island a 1929, sa'annan aka yi fim ɗin White Zombie a 1932. Wannan tsohuwar ma'ana ta mutum marar ra'ayin kansa, sai abin da aka umarce shi, ita ce Fela ya ɗauka ya jefi sojoji da ita a faifansa mai suna Zombie, abin da ya biyo baya kuwa a gidansa na Kalakuta cikin Fabrairun 1977 sananne ne.

An haifi George Andrew Romero a unguwar Bronx ta New York ranar 4 ga Fabrairu, 1940. Ya je karatu Pittsburgh, garin masana'antun ƙarfe, ya kuma zauna a can yana shirya tallace-tallacen talabijin tare da abokansa. Su ne suka yi karo-karo suka shirya Night of the Living Dead, fim marar launi, a kan kuɗi kimanin dala 114,000, aka fara nuna shi ranar 1 ga Oktoba, 1968. Shi da John Russo suka rubuta labarin, kuma Romero bai taɓa ɓoye cewa ya tsinci ƙwayar tunanin daga littafin Richard Matheson na 1954, I Am Legend, ba. Wani abin mamaki, ko sau ɗaya ba a ambaci kalmar zombi a fim ɗin ba. Sunan da aka kira halittun da shi ya samo asali ne daga kalmar Larabci gul, aljanin nan mai cin gawa da masu karanta Dare Dubu da Ɗaya suka sani. 'Yan jarida da 'yan kallo ne suka ɗora musu sunan zombi daga baya, sunan ya bi su.

Ya kamata mu ɗan tsaya a kan wannan fim, domin shi ne ma'aunin da za mu auna na ƙarshen. Mutum bakwai ne suka fake a wani gidan gona, gawawwaki sun kewaye su. Da sun haɗa kai da sun ga safiya. Amma tun daga farko gardama ta sarƙe tsakanin Ben, wanda ke ganin a toshe tagogi a tsaya a sama, da Harry Cooper, wanda ke ganin a sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa a kulle. Romero ya sa mai kallo ya bi bayan Ben, jarumi mai natsuwa, ya tsani Cooper, matsoraci mai baƙar zuciya. Sai ga shi a ƙarshe kowa ya hallaka, Ben kaɗai ya tsira, kuma a ina? A cikin ɗakin nan na ƙasa da ya raina. Gari na wayewa ya leƙo ta taga, wata tawagar fararen fata masu farautar gawawwaki ta hango shi daga nesa, aka ɗirka masa harsashi a goshi, aka ja gawarsa da ƙugiya aka jefa a wuta. Duane Jones, wanda ya fito a matsayin Ben, baƙar fata ne, a zamanin da ba a saba ba baƙi jagorancin irin wannan fim ba. Romero ya sha faɗin cewa ya ɗauke shi ne don ya fi kowa iyawa a wajen gwaji, ya kuma sha ba da labarin cewa suna cikin mota za su kai fim ɗin New York suka ji a rediyo an kashe Martin Luther King. Ko da niyya ko ba niyya, Amurkar 1968 ta ga fuskarta a madubi. Babu inda wani tauraro ya tsaya ya yi wa'azi a kan wariyar launin fata. Saƙon yana cikin ƙashin labarin, mai kallo ne ke tono shi da kansa bayan tsoro ya sake shi.

Akwai kuma wata asara da ta bi Romero har kabari. Kamfanin da ya karɓi dillancin fim ɗin ya canja masa suna, wajen canjin aka manta ba a sa alamar haƙƙin mallaka ba, dokar Amurka ta wancan lokaci kuwa ta ce duk aikin da ya fita ba alamar ya zama na kowa. Fim ɗin ya tara miliyoyi, masu shi suka tashi da abin da bai taka kara ya karya ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Marubutanmu da masu finafinan Kano, waɗanda masu satar fasaha suka daɗe suna tatsa, ba sai an yi musu dogon bayani ba. Sai dai wannan kuskure ne ya sa kowane gidan talabijin da kowane mai buga kaset ya yi ta yaɗa fim ɗin kyauta, har zombi irin na Romero ya zama gadon duniya: a hankali yake tafiya, naman mutum yake ci, wanda ya ciza ya bi sahu, ba ya faɗuwa sai an fasa kai.

Dawn of the Dead na 1978, wanda muka gani a Kafanchan, an ɗauke shi ne a katafaren rukunin kantuna na Monroeville, da tallafin daraktan Italiya Dario Argento. Mutum huɗu suka mallake kantunan, suka samu duk abin da rai ke so, suka kuma gane cewa kurkuku suka gina wa kansu, gawawwaki kuwa na ta tururuwa ƙofa saboda sabon da suka yi da wurin tun suna raye. Tom Savini, wanda ya yi aikin ɗaukar hoto a yaƙin Biyetnam, shi ya ƙera raunukan da hannu, da roba da jinin ƙarya. Day of the Dead na 1985 kuwa an zabtare rabin kuɗinsa saboda Romero ya ƙi yarda ya rage zubar da jini, masu sharhi suka yi masa ca, sai daga baya aka dawo ana yabonsa. Mu riƙe wannan, za mu komo kansa.

Daga nan sai shiru na shekara ashirin ta fuskar gawawwaki. Ya yi wasu finafinan, amma daga 1993 zuwa 2000 bai fitar da ko ɗaya ba, yana ta rubuce-rubucen da kamfanonin Hollywood ke biya su ajiye. Har labarin Resident Evil ya rubuta musu, suka ƙi shi, suka ba wani. A halin nan 'ya'yan da ya haifa a fagen suka balaga. Danny Boyle ya fito da 28 Days Later a 2002 da masu cuta da ke sheƙa gudu, Zack Snyder ya sake Dawn of the Dead a 2004, Edgar Wright ya yi Shaun of the Dead na barkwanci a shekarar. Kasuwar da waɗannan suka buɗe ce ta sa kamfanin Universal ya tuna da tsohon, ya ba shi kuɗin da bai taɓa samu ba a wannan jeri, ya yi Land of the Dead a 2005: attajirai a dogon bene, talakawa a gindinsa, gawawwaki a hayin kogi sun fara koyon tunani. Fim ne mai kyau daidai gwargwado, ko da yake saƙon ya fara leƙowa fili. Ya koma Toronto ta Kanada da zama, ya yi Diary of the Dead a 2007 da kuɗi kaɗan, labarin ɗalibai masu ɗaukar tashin duniya da kyamarar hannu. A nan ne cutar ta bayyana sosai, domin akwai muryar mai ba da labari da ke bin kowace fitowa tana fassara wa mai kallo darasin da ya kamata ya ɗauka, kamar malamin da bai yarda da ɗalibansa ba. Amma da yake ba a kashe kuɗi ba, an ci riba, masu jari suka ce a yi musu wani maza-maza.

Wanin shi ne Survival of the Dead. An nuna shi a gasar bikin finafinai ta Venice cikin Satumban 2009, ya shiga sinimomin Amurka a watan Mayun 2010. An kashe kimanin dala miliyan 4, abin da ya dawo daga sinimomi kuwa bai kai ko rabin miliyan ba.

Ga yadda labarin yake. A wani tsibiri mai suna Plum, daura da gaɓar jihar Delaware, akwai zuriya biyu 'yan asalin Ailan da suka gaji gaba tun kaka da kakanni, gidan O'Flynn da gidan Muldoon. Da matattu suka fara tashi sai tsohuwar gabar ta sami sabuwar riga. Patrick O'Flynn ya ce duk wanda ya tashi a harbe shi, ko ɗan wane ne. Seamus Muldoon ya ce a'a, waɗannan iyayenmu ne da 'ya'yanmu, a ɗaure su da sarƙa a ajiye har Allah Ya kawo magani, ko a koya musu cin wani nama da ba na mutum ba. Muldoon ya fi ƙarfi, ya kori O'Flynn daga tsibirin. Shi kuwa ya haɗu da wasu sojoji da suka gudu daga bakin aiki, ya jawo su suka dawo tare. Romero ya ce ya ɗauko tsarin ne daga fim ɗin kaboyi na William Wyler, The Big Country na 1958, inda dattawa biyu suka hallaka jama'arsu a kan mashayar shanu.

A ganinmu, a duk finafinansa shida na gawawwaki babu wanda ya kai wannan nauyin jigo. Sauran suna tambayar yadda rayayyu za su tsira daga matattu. Wannan yana tambayar me rayayyu za su yi da matattunsu: su binne su su ci gaba, ko su ɗaure su a tsakar gida suna kallonsu kullum? Akwai fitowar da ake ganin wani mai raba wasiƙu, ƙafarsa a sarƙa, yana kai takarda akwati yana komawa, yana sake kaiwa, da matar Muldoon a ɗaure a ɗakin girki tana motsa hannu kamar mai aiki. Can kuma ga wata budurwa, ɗaya daga tagwayen 'ya'yan O'Flynn, ta mutu amma tana nan bisa dokinta tana kewaya tsibirin. Waɗannan hotuna ne na gwani. Haka nan rufewar fim ɗin: dattawan biyu sun kashe juna, sun tashi a gawa, suna tsaye a kan tudu, ga farin wata a bayansu, kowa na ɗana wa ɗan'uwansa bindigar da ba harsashi.

Mu da muke zaune a nan ba ma iya kallon wannan hoto da sanyin zuciya. Muna yara aka yi rikicin Kafanchan na Maris 1987. Mun ɗan yi wayo lokacin da maganar sauya wa kasuwa matsuguni a Zangon Kataf, nan kusa da mu, ta rikiɗe ta zama zubar da jini a Fabrairu da Mayun 1992. Mun ga na Afrilun 2011 da idon manya. Kowane ɓangare yana da matattunsa, yana da sunayensu, kuma kowane ɓangare ya san yadda ake fito da su a tsayar a tsakar fili duk lokacin da aka zo zaman sulhu. Wanda ya rasa uwa ko ɗa, wa zai ce masa ya manta? Amma kuma wa zai ce a ci gaba da zama da gawa a ɗaki? Romero ya sa hannu a kan wannan gyambo daidai, kuma da ya danna da ya yi fim ɗin da za a riƙa koyarwa tare da na 1968.

Sai dai kash, bai danna ba. Duk lokacin da labarin ya fara nauyi sai ya kauce ya shiga wasa. A cusa wa gawa bututun tukunyar kashe gobara a baki har idanunta su zazzago. A harba wa wata wutar alama a ciki, kanta ya kama, soja ya kunna sigari da shi. A kamo wata da ƙugiyar kamun kifi. Kuma galibin wannan da zanen kwamfuta mai arha aka yi shi, ba irin aikin hannun Savini da ke sa mutum kau da kai ba, jinin ma yana yawo a fuskar allo kamar an liƙa shi. Dodon da maigidansa ke yi wa dariya, yaran gida ba za su ji tsoronsa ba. Da tsoro ya fita, sai tausayin ma ya bi shi, domin in gawawwakin nan abin wasa ne, to gardamar Muldoon da O'Flynn a kan me ake yin ta? Bugu da ƙari, an ɗora labarin a wuyan sojojin da ba ruwansu da gabar, baƙi ne masu wucewa, ga kuma wata motar kuɗi da aka jawo cikin zancen aka rasa yadda za a yi da ita. Ba a ba mu ko fitowa ɗaya da za ta nuna mana yadda gidajen biyu suka zauna kafin annobar ba, ko auratayya, ko cinikayya, ko makarantar da 'ya'yansu suka yi tare. A ƙarshe ma, sai muryar sajen ta fito ta bayyana mana ma'anar yaƙi da tuta, alhali hoton dattawan a gaban wata ya riga ya gama magana. Akwai wani juyi mai kyau da aka yi wa riƙon sakainar kashi: budurwar nan ta ciji dokinta, watau Muldoon yana da gaskiya, ana iya koya musu, amma 'yar'uwarta da ta gani ta rugo ta faɗa, ubanta ya harbe ta kafin ta buɗe baki. Irin abin da ya faru da ɗakin ƙasa na Cooper ke nan, mugu ya yi daidai. A 1968 wannan juyi ya bar mutane shiru a kujerunsu. A 2009 ya wuce cikin hayaniyar harbe-harbe, da yawa ba su ma lura ba.

Wasu na cewa tsufa ne. Ba mu yarda da wannan gaba ɗaya ba, domin shekararsa 69 a lokacin, kuma idonsa na tsara hoto bai dushe ba. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne an kulle shi a ɗaki ɗaya. Mutumin yana son ya yi fim ɗin kaboyi, yana son barkwanci irin na zanen yara, yana son ya yi magana a kan gaba, amma ba mai ba shi sisi sai in ya sa gawa a ciki. Sai ya zuba duka a tukunya ɗaya, gawawwakin suka zama kamar harajin da yake biya don a bar shi ya yi aiki. Ana ganin gajiyarsa da su a yadda yake kashe su. Mun kuma ce za mu komo kan Day of the Dead, wanda aka kushe sa'annan aka dawo aka yaba. Adalci ne a bar wa Survival wannan ƙofa. Amma fiye da shekara goma sha biyar ke nan, masu kare shi ba su yi yawa ba, mu ma da muka sake kallonsa don wannan rubutu, wuraren da suka burge mu a farko su ne dai, ba su ƙaru ba.

Wata biyar bayan fitarsa a Amurka, ranar 31 ga Oktoba, 2010, aka fara nuna The Walking Dead a talabijin, da gawawwaki masu bin ƙa'idojin Romero sau da ƙafa, miliyoyin mutane suka rungume shi. A 2013 aka yi World War Z da kuɗin da ya ninka na Survival sau da dama. Har a Legas C. J. Obasi ya yi Ojuju a 2014, da ɗan abin hannunsa, ya ɗora annobar a kan gurɓataccen ruwan sha na unguwar talakawa, wanda a ganinmu ya fi kusa da ruhin 1968 fiye da abin da maigidan ya yi da kansa a ƙarshe. Romero ya yi ta ƙorafi cewa waɗannan manyan ayyuka sun toshe masa hanya, ba mai ba da kuɗin ƙaramin fim na zombi mai saƙo kuma. Bai sake ba da umarnin wani fim ba. Ya koma rubuta labarin zane mai suna Empire of the Dead, ya kuma bar wani ƙagaggen labari bai kammala ba, wanda Daniel Kraus ya ƙarasa aka buga a 2020 da sunan The Living Dead.

Ya rasu a Toronto ranar 16 ga Yuli, 2017, yana da shekara 77, bayan gajeriyar jinyar sankarar huhu. Matarsa da 'yarsa na gefensa, an sa masa kiɗan fim ɗin da yake ƙauna, The Quiet Man na John Ford, na 1952. Labarin wasu mutum biyu ne a wani ƙauyen Ailan da suka yi ta gaba a kan fili da kayan aure, suka dambace tun daga gona har cikin gari, sa'annan suka tafi gida tare suka ci abincin dare.